Alhaji Abdulghaffar Hadi Gungu, Ɗan Jidda Wakilin Tsibirai

Haihuwa da asali

An haifi Alhaji Abdulghaffar Hadi Gungu a unguwar Ruwais da ke birnin Jidda, cikin watan Sha'aban na shekara ta 1376 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da watan Maris na shekara ta 1957 Miladiyya. Sunan mahaifinsa Malam Hadi ɗan Abdulkahar, sunan mahaifiyarsa Hajiya Kulu.

Malam Hadi Basarke ne, wato daga cikin masuntan da suka gaji ruwa iyaye da kakanni, kuma mahaifarsa ita ce Gungun Baushe, mafi girma a cikin wasu tsibirai da ke tsakiyar Kogin Kwara, kudu da ƙasar Yawuri. Ya bar gida a ƙasa cikin shekara ta 1946 da niyyar sauke faralin Hajji, ya ratsa Barno da Chadi, ya daɗe a Sudan yana ƙodago a gonakin auduga domin neman guzuri. A can ya auri Hajiya Kulu, 'yar wasu alhazai mutanen Katagum waɗanda tafiya ta tsayar da su a Wad Madani. Sun ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin a shekara ta 1951, kuma bayan sun sauke farali halin komawa gida bai samu ba, sai suka zauna a Ruwais, wadda a wancan zamani unguwar masunta ce a bakin teku. Malam Hadi ya kama aiki a jiragen wani attajiri mai suna Shaihu Meshari, wanda ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, har ƙarshen rayuwarsa, Hajiya Kulu kuma tana soya gyaɗa tana sayarwa a ƙofar gida. Allah ya ba su haihuwa takwas, uku suka rayu, Abdulghaffar ne kaɗai namiji a cikinsu.

Ƙuruciya da karatu

Abdulghaffar ya fara karatun Alƙur'ani a masallacin unguwarsu yana da shekara biyar, ya shiga makarantar firamare a shekara ta 1964, ya kammala sakandare a shekara ta 1976. Kamar yawancin 'ya'yan alhazan Afirka ta Yamma da aka haifa a Hijaz, ya tashi da iƙama, wato takardar izinin zama, a aljihu, ba shi da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasar da aka haife shi, kuma bai taɓa ganin ƙasar da fasfonsa ya ce tasa ce ba. A makaranta Takari ake kiransa. A gida mahaifinsa ba ya amsa masa magana sai ya yi ta da Hausa, amma duk da haka Hausar tasa ta fito a cakuɗe da Larabcin Jidda, kuma haka ta zauna a bakinsa har ya tsufa.

Ganin hazaƙarsa a fannin lissafi, da yadda yake bin mahaifinsa bakin teku duk ranar da babu makaranta, Shaihu Meshari ya ɗauki nauyin karatunsa a wata kwalejin koyon aikin jiragen ruwa da ke Iskandariyya a ƙasar Masar, bisa sharaɗin zai dawo ya yi wa kamfaninsa aiki. Ya yi shekara huɗu a can, ya ƙware a fannin binciken lafiyar jirgi da kiyaye rayukan fasinja, ya kuma koyi Turanci gwargwadon abin da aikin yake bukata. Ya dawo Jidda a shekara ta 1980.

Aiki a tashar jiragen ruwa

Kamfanin Shaihu Meshari yana jigilar alhazai da dabbobin hadaya tsakanin gaɓar Sudan da Jidda, kuma aikin da aka ba Abdulghaffar shi ne duba kowane jirgi kafin ya tashi, ya tabbatar lodinsa bai wuce ƙima ba, kuma kayan ceto sun wadata. An san shi da tsanani a wannan aiki. A lokacin Hajjin shekara ta 1985 ya hana wani jirgin kamfanin tashi da alhazai masu komawa gida saboda an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa, har Shaihu Meshari da kansa ya zo tashar cikin fushi. Waɗanda suka halarci wurin sun ruwaito cewa Abdulghaffar ya ce masa: "Ya Shaihu, jirgin naka ne, amma sa hannun nawa ne. Halas, magana ta ƙare, ba zai tashi da wannan lodi ba." Sai da aka rage fasinja sannan jirgin ya tashi. Shaihun ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa, amma a shekara ta 1987 shi ne ya naɗa shi shugaban sashen kiyaye haɗari na kamfanin baki ɗaya.

Aure da 'ya'ya

A shekara ta 1983 ya auri Hajiya Aishatu, 'yar Alhaji Abdulelah, wani tela sananne a unguwar Sa'alaba. Zuri'arsu Hausawa ne da suka daɗe a Hijaz har suka sami jinsiyyar ƙasar, ita kuma malama ce a wata makarantar firamare ta 'yan mata. Sun fara zama a gidan mahaifinsa a Ruwais, sannan suka koma unguwar Madain Fahd, a cikin Jidda, a shekara ta 1988. An haifa musu Areej a 1984, Saif a 1986, Ruba a 1987 wadda ta rasu tana jaririya, Raghad a 1989, Hadi a 1992, sai auta Lailatu a 1995. Bai ƙara aure ba.

Ziyarar farko zuwa Gungun Baushe

Malam Hadi ya rasu a shekara ta 1990 ba tare da ya sake ganin mahaifarsa ba. Wasiyyar da ya bar wa ɗansa ita ce ya je ya nemi ƙanwarsa Zubaidatu, wadda ya bari tana budurwa, ya isar mata da gaisuwarsa idan tana raye. Abdulghaffar ya cika wannan wasiyya a shekara ta 1991, lokacin da ya taka ƙasar Nijeriya karo na farko yana da shekara talatin da huɗu. Ya sami Gwaggo Zubaidatu da ranta, ta tsufa cikin 'ya'ya da jikoki. An ce da ya gaishe ta sai ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce: "Kai ne ɗan Hadi? Muryar tasa ce, amma wannan Hausa ba tasa ba ce."

Abin da ya gani a wannan ziyara ya sha bamban da abin da mahaifinsa yake ba shi labari. Tun bayan da aka gina babbar madatsar ruwa a kan kogin a ƙarshen shekarun 1960, ruwa ya faɗaɗa ya cinye wasu tsibiran, ya bar wasu a tsakiyar tafki mai faɗi, ta yadda ƙetarewar da a da ake yi da sanda ta koma tafiya mai nisa a jirgin katako mai inji. A ƙarƙashin ruwan akwai kututturan itatuwan da ambaliya ta binne, waɗanda ba a ganinsu sai jirgi ya hau kansu. Babu asibiti a ko ɗaya daga cikin tsibiran, makaranta kuma firamare ce guda ɗaya mai malamai biyu. Mace idan naƙuda ta yi mata gardama sai a sa ta a kwalekwale a nufi gaɓa, kuma da yawa ba sa isa. Bugu da ƙari, iyakar jihohi biyu ta bi ta tsakiyar ruwan, don haka kowace jiha tana ganin nauyin mutanen yana wuyan ɗayar.

Ya koma Jidda bakin aikinsa, yana aika wa dangi da abin da ya sawwaƙa. A watan Satumba na shekara ta 1994 wani jirgin fito da ya ɗauko mutanen Gungun Baushe daga cin kasuwa, an cika shi da mutane da buhunan hatsi fiye da ƙima, ya hau kan kututture ya kife. Mutum fiye da saba'in suka rasu, ciki har da Gwaggo Zubaidatu da jikokinta biyu. Labarin bai iso wa Abdulghaffar ba sai bayan makonni, ta bakin wani ɗan Yawuri da ya zo Umra. Da ya je ta'aziyya ya tarar masunta ne da kansu suka tsamo gawarwakin da taru, kuma babu wata hukuma da ta ƙetaro ta tambayi yadda abin ya auku.

Ajiye aiki da komawa tsibiri

A farkon shekara ta 1996 ya yanke shawarar ajiye aikinsa ya koma Gungun Baushe da zama. Shawarar tana da nauyi, domin iƙamarsa a kan kamfanin take, kuma autarsa ba ta cika shekara ba. Hajiya Aishatu ta ba da labarin yadda suka yi da shi, cewa ta tambaye shi: "Abu Saif, ka san in ka ajiye aikin nan iƙamarka ta faɗi? Garin da aka haife ka, sai ka nemi biza kafin ka shigo shi." Shi kuma ya amsa mata: "Na sani, Ummu Saif. Shekara goma sha shida ina tsare jiragen wasu, na gidanmu ya nutse ban ma ji ba sai a bakin ɗan Umra." Ta ce masa ba za ta hana shi ba, amma ita da yara ba za su bar Jidda ba, domin karatunsu da aikinta. A kan haka suka rabu, kuma haka iyalin suka rayu tsakanin ƙasashe biyu kusan shekara ashirin, yana zuwa musu a watan Ramadan da kuma duk lokacin da hali ya yi.

Aikinsa na farko a tsibirin shi ne kafa ƙungiyar masu fito, tare da goyon bayan Sarkin Ruwan Gungun Baushe, wato shugaban masunta da masu jirage. Ƙungiyar ta sa aka ja jan layi a jikin kowane jirgi, wanda idan ruwa ya taɓa shi ba a ƙara lodi, ta kuma hana tashi idan hadari ya haɗo. Masu jirage da dama sun ƙi wannan tsari saboda yana rage musu fasinja, har aka taɓa jefa kayansa a ruwa a bakin mashigi. Rigunan kariya daga nutsewa na farko da aka gani a wannan yanki Hausawan Jidda ne suka saya, teloli da direbobi da masu tsire na Sa'alaba da Madain Fahd, waɗanda yawancinsu ba su san inda tsibirin yake ba.

Bayan shekara biyu ya fahimci cewa ƙungiya ba ta iya cire kututture daga ƙarƙashin tafki, ba ta iya gina asibiti, kuma tunda manyan hanyoyin ruwa a hannun Gwamnatin Tarayya suke, a Abuja ne kaɗai za a iya warware matsalar. Wannan ne dalilin shigarsa siyasa. Ya tsaya takarar Majalisar Wakilai ta Tarayya a shekara ta 1999 ya faɗi. Abokan hamayyarsa sun riƙa kwaikwayon maganarsa a wuraren taro, suna kiransa Balaraben da ya ɓace hanya, wasu har suka kai ƙorafi cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne, sai da dattawan tsibirin suka je suka ba da shaidar asalin mahaifinsa. Shekaru huɗun da suka biyo baya ya yi su yana zagaya ƙauyukan tudu, inda mafi yawan masu zaɓe suke, yana bayyana musu cewa kifin da suke ci da kasuwar da suke rayuwa a kanta daga tsibiran suke zuwa. Ya ci zaɓe a watan Afrilu na shekara ta 2003.

Wa'adi na farko a majalisa

A jawabinsa na farko a zauren majalisa, cikin watan Oktoba na shekara ta 2003, ya kafa hujjar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, cewa aikin Tarayya ne ya mayar da waɗannan garuruwa tsakiyar tafki domin amfanin ƙasa baki ɗaya, kuma ruwan da ya kewaye su na Tarayya ne, saboda haka haƙƙin kula da su ba ya faɗuwa daga wuyanta. A shekara ta 2004 ya gabatar da ƙudurin doka na neman a ware wa tsibiran kulawa ta musamman daga Gwamnatin Tarayya a kowace shekara. Abin da ya sa a gaba shi ne jirgin fito na ƙarfe da matsayarsa a gaɓa biyu, da asibiti mai ɗakin haihuwa, da share hanyar ruwa daga kututture.

Ƙudurin ya gamu da suka. Wasu wakilai sun ce mutanen ba su da yawan da za a yi musu doka, wasu sun ce idan aka buɗe wannan ƙofa kowane yanki zai zo da tasa bukatar. Saboda ba ya tashi magana a kan komai face ya dawo da ita kan tsibiran, abokan aikinsa suka laƙaba masa suna Honorabul Tsibiri, da nufin zolaya, shi kuma ya karɓi sunan yana amsawa.

A damina ta shekara ta 2005 ya shawo kan kwamitin da aka miƙa wa ƙudurin ya kai ziyarar gani da ido. An ba shi shawarar ya yi hayar jirgi mai gudu domin baƙin, ya ƙi, ya ce su shiga irin wanda jama'a suke shiga, bayan ya duba jirgin da kansa ya kuma sa wa kowa rigar kariya. A tsakiyar tafki iska ta taso, igiyar ruwa ta riƙa watso musu ruwa a jiki, kowa ya kama salati. Da suka sauka, shugaban kwamitin, wanda mutumin kudu ne da bai taɓa zuwa yankin ba, ya tambaye shi ko a haka ake ɗauko mai naƙuda. Abdulghaffar ya ce masa: "A haka, Ranka ya daɗe, sai dai ita babu riga." Kwamitin ya goyi bayan ƙudurin a rahotonsa, amma wa'adin majalisar ya ƙare a shekara ta 2007 kafin a kai ga karatu na uku, kuma bisa ƙa'ida sai an faro daga farko.

Wa'adi na biyu da batun ƙaura

An sake zaɓensa a shekara ta 2007, ya sake gabatar da ƙudurin. A shekara ta 2009 aka zo masa da wani tayi daga ma'aikatar da abin ya shafa, cewa maimakon a riƙa kashe dukiya a tsakiyar ruwa, a kwashe mutanen tsibiran gaba ɗaya a gina musu sabon gari a tudu. Manyan jam'iyyarsa sun goyi bayan tayin, suka kuma nuna masa cewa amincewarsa ita ce za ta tabbatar masa da kujerarsa a zaɓe mai zuwa. Shi kansa, a matsayinsa na wanda ya ƙware a kiyaye haɗari, da farko ya karkata ga shawarar, domin wanda ba ya ƙetare ruwa ba ya nutsewa.

Sai dai ya ƙi ba da amsa kafin ya ji daga bakin masu abin. An yi taro a ƙofar gidan Sarkin Ruwa, wakilan dukkan tsibiran suka halarta, ya karanta musu tayin da Hausa ba tare da ya ɓoye amfaninsa ba. Sarkin Ruwa, wanda ya ga ƙaurar da aka yi lokacin gina madatsar ruwa yana saurayi, ya amsa masa da cewa: "Ɗan Hadi, waɗanda aka kwashe a wancan karo mun san inda suke. An ba su ɗakuna, ba a ba su kogi ba. Masunci a tudu me zai ci? Mun tura ka ne ka kawo mana jirgi, ba ka kwashe mu ba." Babu wanda ya saɓa wa wannan magana a cikin taron.

Abdulghaffar ya koma Abuja ya sanar a zauren majalisa cewa jama'arsa ba su amince ba, shi ma bai amince ba. An janye tayin, amma ƙudurinsa bai sake motsawa ba a wannan wa'adi, kuma a zaɓen fitar da gwani na shekara ta 2011 jam'iyyar ta ba wani takarar. Wasu daga cikin mutanen tudu ma sun juya masa baya, suna cewa shekara takwas ba su ji ya ambaci hanyarsu ko rijiyarsu da irin ƙarfin da yake ambaton tsibirai ba. Ya amsa cewa akwai gaskiya a wannan ƙorafi.

Shekaru huɗu a Jidda

Bayan ya rasa kujerarsa ya koma wurin iyalinsa a Madain Fahd, inda ya sake samun iƙama, wannan karo Hajiya Aishatu ce kafilinsa. Ya tarar manyan 'ya'yansa sun yi aure, ƙanana kuma suna jin Hausa amma da Larabci suke mayar masa da amsa. Bai ɗauki wannan zama a matsayin hutu ba. Ya lura cewa babu wani mai faɗa a ji a Nijeriya daga cikin Musulmi da ba ya ratsa Jidda a lokacin Hajji ko Umrar Ramadan, kuma mutumin da ba a samun ganinsa a ofishinsa na Abuja yakan sami lokaci idan ya sauka a baƙuwar ƙasa yana bukatar mai yi masa tafinta. Don haka ya riƙa tarbar 'yan majalisa da manyan ma'aikata a filin jirgi, yana taimaka musu da harshe da masauki da asibiti, sannan ya kai su gidansa cin abinci. An san cewa duk wanda ya ci shinkafar Hajiya Aishatu ba ya tashi sai ya saurari bayanin Gungun Baushe daga farko har ƙarshe. Wani daga cikinsu ya taɓa ce masa cikin raha ya bar su su yi ibada, ya amsa masa: "Wannan ma ibada ce, Alhaji. Yalla, ƙara shinkafa."

Wa'adi na uku

A shekara ta 2015 ya sake tsayawa takara a ƙarƙashin wata jam'iyya, ya ci, ya koma majalisa yana da shekara hamsin da takwas. A wannan karo ya raba gwagwarmayar gida biyu. Ya gabatar da ƙudurin a karo na uku, a lokaci guda kuma ya nemi a sa ayyukan ɗaya bayan ɗaya a cikin kasafin kuɗin shekara, ba tare da jiran doka ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka mara masa baya mutanen da suka zauna a falonsa na Madain Fahd ne. An sa asibitin Gungun Baushe a kasafin shekara ta 2016, jirgin fito da matsayarsa a na 2017. Ya kuma tsaya wa hanyar motar da mutanen tudu suka daɗe suna nema har aka fara ta.

Aikin asibitin ya tsaya sau biyu, domin ɗan kwangilar farko ya gudu bayan ya ga wahalar ƙetarar da siminti da rodi. Abdulghaffar ya roƙi ƙungiyar masu fito suka ɗauki jigilar kayan kyauta, shi kuma ya tare a tsibirin duk lokacin hutun majalisa yana tsaye a kan magina. A shekara ta 2018 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurinsa bayan shekara goma sha huɗu da fara gabatar da shi, amma wa'adi ya sake ƙarewa a shekara ta 2019 kafin a kammala matakan da suka rage, don haka bai zama doka ba. A jawabinsa na bankwana ya ce bai zo yin godiya ko ƙorafi ba, ya zo ne ya sanar da wanda zai gaje shi cewa aikin bai ƙare ba.

Shekarun ƙarshe

Bai sake tsayawa takara ba saboda ciwon ƙoda da ya kama shi, wanda ya tilasta masa komawa Jidda domin wankin ƙoda a kai a kai. An buɗe asibitin Gungun Baushe a ƙarshen shekara ta 2019, amma ya yi fiye da shekara babu ungozoma, domin duk wadda aka tura ba ta yarda ta zauna a tsakiyar ruwa. Autarsa Lailatu, wadda ta yi karatun ungozoma a Jidda kuma ba ta taɓa zama a Nijeriya ba, ta nemi izinin iyayenta ta je. Mahaifiyarta ta yi jinkirin amincewa, tana cewa ta riga ta ba tsibirin miji, amma daga baya ta yarda. Lailatu ta kama aiki a shekara ta 2021 bayan ta sami lasisin aiki a Nijeriya, kuma a bakin matan da take karɓar haihuwarsu ta ƙarasa koyon Hausa.

Jirgin fito na ƙarfe ya fara aiki a watan Nuwamba na shekara ta 2022. Likitoci sun hana Alhaji Abdulghaffar tafiya, amma ya matsa har aka shirya masa wankin ƙoda a hanya, ya je tare da ɗansa Saif. Wannan ita ce ziyararsa ta ƙarshe. Kafin ya yarda a tashi sai da aka riƙe shi ya zagaya jirgin ya duba kayan ceto, ya sa aka sauke wasu buhunan da suka wuce ƙima. Share hanyar ruwa daga kututture kuwa ba a yi ba, kuma a kan wannan ya ci gaba da kiran wakilin mazaɓar a waya daga gadon jinya, yana kuma karɓar baƙi 'yan Umra a gidansa har watan da ya rasu.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi wa Alhaji Abdulghaffar Hadi Gungu rasuwa a wani asibiti a Jidda da safiyar Juma'a, 7 ga watan Rajab na shekara ta 1445, daidai da 19 ga Janairu, 2024, yana da shekara sittin da shida. An yi masa salla bayan sallar La'asar, aka binne shi a maƙabartar Ruwais, unguwar da aka haife shi. Hausawan Jidda da tsofaffin abokan aikinsa na tashar jiragen ruwa da 'ya'yan marigayi Shaihu Meshari sun halarci jana'izar. A Gungun Baushe an yi masa salatul ga'ib washegari a filin Idi, kuma masu fito ba su karɓi kuɗin kowa ba a wannan rana.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Aishatu, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya biyar: Areej, malamar makaranta a Jidda, Saif, injiniyan jiragen ruwa a Yanbu, Raghad, mai harhaɗa magunguna a Madain Fahd, Hadi, ɗan kasuwa tsakanin Jidda da Kano, da Lailatu, ungozoma a asibitin Gungun Baushe, wadda ba ta iso zaman makoki ba sai a ranarsa ta ƙarshe, domin labarin ya same ta ne da mata biyu a ɗakin haihuwa, kuma ba ta bar tsibirin ba sai da suka sauka lafiya.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya kiyaye waɗanda suke ƙetare ruwan da ya ƙare rayuwarsa a kansa.